Jar Waya a Burkin Baya

Wasu cikinku sun yi ta turo mini saƙo wai labarin soyayyata babu ƙamshin turare a cikinsa, sai warin baƙin mai. Ku yi haƙuri, a gareji na girma. Yau ma can za mu.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Mardiya, shekarata ashirin da bakwai, 'yar Hudu bakanike ce ni a nan Dutsin-Ma. Na gama kwaleji na karɓi takardar koyarwa, tana nan ƙasan akwatin Gwaggo tare da turamen da ba a ɗinka ba. Tun da yana ta fara rufe idon Baba shekara biyu da suka wuce, ni ce idonsa. Shi zai saurari mota ya faɗi ciwonta, ni in shiga ƙarƙashi in tabbatar. Mutanen gari sun yi surutu har suka gaji, sannan suka ci gaba da kawo motocinsu.

Mai nemana kuwa Malam Zaharaddin ne, malamin tarihi a wata sakandare a Kurfi, shekara arba'in ba ɗaya. Matarsa Surayya ta rasu shekara uku da suka wuce wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Iyakar abin da na sani ke nan, don shi ba mai buɗe ciki ba ne. Mutum ne da in ka ce masa ina kwana sai ya tsaya ya duba ko maganar tana da hujja. Wata bakwai yana zuwa zance a kan babur bai taɓa ce mini ina da kyau ba. Abin da ya fi kusa da haka shi ne ran da ya ce, "Ke dai ba kya ɓarnar kalma." Kwana uku na yi ina jin daɗi. Ku yi dariyarku, na yafe.

Ran Alhamis da safe ina wanke-wanke saƙonsa ya shigo.

"Injiniya, na tayar da motar marigayiya. Shekara uku tana ƙarƙashin rumfa. Kawuna ya ce ba za a je neman aure a kan babur ba kamar masu kai sammaci. In kawo ku duba ta ran Asabar?"

Na goge hannu na rubuta, "Me ke damunta?"

"Ita lafiyarta lau. Direban ne ba shi da kirki."

Gwaggo Azumi, yayar Baba, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, tana jin zai zo ta tashi tsaye. Ran Juma'a da yamma ta zaunar da ni ta ƙunsa mini lalle har wuyan hannu, ba don kwalliya ba, don ya rufe baƙin da ya zauna ƙarƙashin farcena.

"Wanga bawan Allah shi kaɗai ya ga hannuwan nan bai gudu ba," in ji ta, tana ɗaure mini leda. "Gobe ki sa atamfar nan ruwan goro, ki zauna ɗaka kamar ɗiyar mutane. Ubanki ya nemi wani ya duba motar."

"Gwaggo, wa zai nema?"

"Ya nemi aljani. Ke dai kar in gan ki kwance ƙasa gaban mijin aure."

Da safe muka yi sulhu irin namu. Na sa atamfar, na sa hijabi ruwan ƙasa mai zuwa gwiwa, na ɗora tsohuwar shuɗiyar rigar aikin Baba a kai. Gwaggo ta kalle ni daga sama har ƙasa ta koma wajen dambun da take turarawa.

Da hantsi ya iso. Garejinmu a ƙofar gida yake, rumfar kwano ce da bishiyar darbejiya da ɗan ɗakin ajiyar kaya. Watan Agusta ne, ƙasa duk a jiƙe. Motar ƙarama ce, ruwan toka, tsohuwa, gefenta na hagu a lotse tun daga fitila har ƙofa. Ya fito cikin yadi mai ruwan sararin samaniya da hula baƙa, tabarau a karan hanci, ya durƙusa ya gaida Baba.

Baba na zaune a bencinsa da carbi, kansa a karkace yadda yake yi in yana saurare.

"Malam, motar nan da ƙafa uku take tsayawa."

"Baba, huɗu na ƙirga da safe."

"Ka ƙirga taya. Uwata, je ki taka ta mu ji."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na karɓi makulli na shiga. Da na sunkuya zan matso da kujera, hannuna ya taɓa wani abu a ƙasa: takalman mace ne, marasa tsini, dunduniyar na dama ta cinye saboda tuƙi. Na mayar da su yadda na same su. Ban san ko ya gani ba.

Akwai jar hanya bayan garejinmu, nan na kai ta. Na ɗan ba ta wuta na taka burki, sai na ji sitiyari na fizgata hagu, bayan motar na neman ya zagayo ya gaida gabanta. Na sake, haka. Na sake, haka. Na fito na bi tayoyin baya ina taɓa ƙarfen da ke tsakiyarsu. Na hagu da zafi. Na dama sanyi ƙalau kamar randa.

Na dawo na sa jak na ɗaga bayan, na ce Malam ya shiga ya taka burki ya riƙe. Tayar hagu ta ƙi motsi ko kaɗan. Ta dama na juya ta da yatsa biyu ta yi ta wulwulawa.

"Ka taka kuwa, Malam?"

"Har ƙafata na rawa."

Na kwance tayar, na buga durom ɗin, wato ƙoƙon ƙarfen da lainin ke cizo daga ciki in an taka, na zare shi. Cikinsa tsatsa ce jawur, babu inda ya goge. Wannan burki ya daɗe bai yi aiki ba. Na shimfiɗa kwali na kwanta, na tura kai ta baya don in ga siririn fayif ɗin da ke kawo man burki.

A nan na gan shi. Ɗan guntun jar waya a naɗe jikin fayif, murɗi uku.

Sai na yi muku bayani, in ba haka ba ba za ku gane abin da wayar nan take nufi ba. A bayan kowane durom akwai 'yar silinda da mai ke shiga ya tura lainin. In ta fashe mai ya yi ta zuba, har mota ta rasa burki gaba ɗaya. Idan babu sabuwa a gari kuma mai mota na sauri, bakanikenmu na da dabara: a yanke ƙusa gajera, a zura ta bakin fayif, kanta ya toshe ramin, a ɗaure. Zuba ta tsaya, ƙafa uku su yi aiki, ɗaya ta mutu. Dabarar kwana biyu ce, ta kai mutum gida. Da yawa suna yi su manta. Baba shi ba ya yarda ya manta, shi ya sa duk fayif ɗin da ya toshe sai ya naɗa masa jar waya murɗi uku. Tun ina firamare ni nake yanka masa wayoyin. A duk Dutsin-Ma babu mai yin haka sai shi.

Na sa sifana na kwance. Ƙusar ta faɗo tafin hannuna, a kan lallen Gwaggo. Na warware wayar, na haɗa su na jefa aljihun rigar aiki.

"Me kika gani?" in ji Baba.

"Silinda ce ta mutu."

Ban yi ƙarya ba. Ku dai kun san irin gaskiyar nan.

Na shiga ɗakin kaya neman wadda za ta yi daidai, ina addu'a a ce wani ne ya kwaikwayi Baba. Can sama, bayan belolin fanka, akwai wani ɗan kwali da ya daɗe a rataye, na sha ganinsa ban taɓa kula ba. Na sauko da shi na busa ƙura. Sabuwar silinda ce a ledarta, irin ta wannan motar. A jikin kwalin rubutun Baba ne na ajami, tun lokacin da yake gani: *Mai ciki. Mota ruwan toka. Za ta dawo ran kasuwa.*

Na tsaya a ɗakin nan har sai da Malam ya ɗaga murya ya ce ko in saki burkin ne ko in ci gaba da zama a kansa har azahar.

Hannu ya san aikinsa ko zuciya ba ta nan. Na cire tsohuwar, na ɗaura sabuwar, na goge tsatsa da samfefa, na wanke lainin, na mayar da sifirin, na daidaita, na rufe durom. Saura cire iska, kuma wannan aikin mutum biyu ne: ɗaya a kujera yana taka burki, ɗaya a ƙasa yana buɗe ɗan noti iska ta fita. Na ce za mu zubar da tsohon man duka, ya yi baƙi kamar shayin tasha.

"In na ce famfo, ka yi ta takawa. In na ce riƙe, ka danne kar ka saki."

"Yau ni ne ɗalibi."

"Famfo. Riƙe."

Na buɗe, mai ya fito da kumfa, na rufe. Shi yana sama ba ya ganina, ni ina ƙasa ba na ganinsa. Ina jin shi ya sa bakinsa ya buɗe. Akwai maganar da mutum ba ya iya faɗa wa fuska.

"Rabona da taka wannan abin da ƙarfi haka, tun ranar," ya ce.

"Saki. Famfo."

"Surayya tana Barkiya gidansu, goyon ciki. Aka kira ni da rana aka ce naƙuda ta zo da jini. Na je na ɗauko ta, ita da innarta a baya. Ana ruwa. Kin san hanyar, laka ce kamar sabulu. Kafin kwalbatin nan shanu suka tsallako. Ba gudu nake ba sosai, Mardiya. Ko kuma gudu nake, na yi shekara uku ina sauya amsar. Na taka. Motar ta juya da mu ta faɗa rami ta gefen hagu."

"Riƙe," na ce.

"Awa biyu da rabi kafin a samo shanun huɗa su ja mu. Tana ta ce mini in daina ba ta haƙuri. Ba mu kai Kurfi da ita ba." Ƙafarsa na kan burki har lokacin. "Kowa ya ce ƙaddara. Na sani. Na karanta abin da malamai suka rubuta a kanta fiye da masu yi mini wa'azin. Babu littafin da ya ɗauke ƙafata daga nan. Direban kirki da ya taka a hankali. Na ga ya kamata ki san wanda za ki shiga motarsa."

Man ya fito garau, babu kumfa. Na ɗaure notin. Ƙarar carbin Baba da nake ji tun safe, ƙas, ƙas, ta tsaya ban san tun yaushe ba.

Gwaggo ta kira ni daga soro in zo in ɗauki abinci. Na shiga, na ja ta kicin, na buɗe mata hannuna na gaya mata a gurguje. Ta daɗe tana kallon ƙusar. Gwaggo ba muguwa ba ce, ku sani. Ita ta yi jinyar uwata, ita ta yaye ni.

"Jefa ta masai," ta ce a hankali.

"Gwaggo."

"Abin da Allah ya rufe shekara uku, ke ce za ki buɗe? Mi zai dawo? Matar za ta tashi? Ubanki bai gani, sunansa kaɗai ya rage mashi a garin ga. Kuma wane namiji zai zauna ya ci tuwo da wanda..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ɗora mini tiren dambu a hannu. "Kin gyara mota. Ya isa."

Ba zan ɓoye muku ba, na so in bi maganarta. Ina son mutumin nan. Ina son yadda yake gyara tabarau kafin ya faɗi abin da zai ba ni haushi. Motar ta gyaru, ba wanda zai ƙara leƙa bayan durom. Zan iya shiga gidansa in yi shekara talatin ina kallonsa yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali, yana zaton shi ya kashe matarsa, ni kuma ina gefensa na san ba haka ba ne, ina zuba masa shayi.

Da na kai nan a tunani sai na ga ba zan iya ba.

Na ajiye tiren a kan benci. Malam ya fito daga mota yana goge tabarau da bakin riga. Na ce ya ba ni hannunsa, ya yi mini kallon mamaki, don ban taɓa cewa haka ba. Na sakar masa ƙusar a tafi ba tare da na taɓa shi ba.

"Wannan na ciro daga fayif ɗin tayar dama. Tun kafin ranar take ciki. Motar ba ta da burki a wannan ƙafar, Malam. Duk wanda ya taka ta a laka sai ta juya da shi hagu, ko wane ne, ko a hankali ya taka. Ɗazu a hanyar da ba laka sau uku tana fizgata. Ba ƙafarka ba ce."

Ya mayar da tabarau ya kalli ƙusar. Guntuwa ce, ba ta kai gaɓar yatsa ba.

"Ƙusa ba ta shiga fayif da kanta," ya ce. "Wa ya sa ta?"

Na buɗe baki. Ban san me zai fito ba, har yau ban sani ba.

"Ni ne."

Baba ya miƙe, yana dafe da ginshiƙin rumfa. Ya fuskanci inda yake jin numfashin Malam, ya ɗan kauce kaɗan.

"Tun da na ji an sauko da kwalin nan na sani. Uwata tana makaranta lokacin. Wata baiwar Allah ta zo ita kaɗai, ciki ya tsufa, mai na zuba. Babu silinda a garin nan ranar, sai an aiko daga Katsina. Ta ce dole ta koma gida kafin magariba. Na toshe, na ce kar ta yi gudu, ta dawo ran kasuwa. Kayan suka iso. Na yi ta sauraren ƙararta, kasuwa bayan kasuwa."

"Ba ka neme ta ba?"

"Da wane suna? Matar aure ce, Malam. Ban tambayi sunanta ba, ban tambayi na mijinta ba, ban karɓi lamba ba. Ko fuskarta ban kalla ba. Ina ganin ladabi nake yi." Ya gyara riƙon ginshiƙin. "Ajali na Allah ne. Amma ƙusar tawa ce. Ba na roƙonka komai. Yarinyar nan dai babu hannunta."

Malam ya juya ƙusar a tafinsa. Kaza ta zo ta leƙa tiren dambu ba wanda ya kore ta.

"Ita ma ba ta gaya mini ba," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Kwana biyu bayan nan aka zo aka tafi da ita Barkiya. Wa ke tuna mota."

Ya zura ƙusar aljihun gaban rigarsa. Na mayar da taya, na sauke jak. Ya shiga ya tayar. Bai yi wa Baba sallama ba, ni ma bai dube ni ba. A bakin titi ya taka burki don wata mai tallar gyaɗa, fitilun baya suka kawo ja, motar ta tsaya a miƙe. Na ga ya daɗe a wurin fiye da yadda ya kamata, sannan ya hau hanyar Kurfi.

"Kin kyauta," in ji Gwaggo daga soro. Ta zo ta ɗauke tirenta. Amma da ta wuce ta gaban ƙanenta sai ta tsaya ta gyara masa hular da ta karkace.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauko. Ina zaune bakin gado da rigar aikin har lokacin, waya a cinya. Na duba ta ya fi sau hamsin. Ƙarfe biyar da minti goma ta yi ƙara.

"Ina bakin kwalbatin. Ana ruwa."

Na miƙe tsaye. Kafin in rubuta komai wani ya shigo.

"Na taka sau uku. Sau uku tana tsayawa."

Sai shiru na kusan rabin awa. Na rubuta na goge, na rubuta na goge.

"Na yi kukan da na kasa yi ran jana'iza. Wani makiyayi ya tsaya yana tambaya ko mota ce ta lalace. Na ce masa a'a, gyaruwa ta yi. Na ƙarasa Barkiya na kai wa innarta takalman."

Sannan na ƙarshe:

"Ki ce wa Baba ba zan iya ganinsa ba tukuna. Ban san yaushe zan iya ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in sa rana ba. Kawuna ya kira yana tambaya ko Juma'ar da aka sa don neman auren na nan. Ban ce masa e ba. Ban ce masa a'a ba."

Na je na karanta wa Baba a soro, duka, ban tsallake komai ba. Ya gyaɗa kai, ya laluba ya ɗauki butarsa.

Ni kuma na koma ɗaki na zauna ina neman abin da mace ke rubuta wa namiji a irin wannan wuri. Na san kuna da kalmomi masu daɗi da za ku ba ni aro. Ba ni da su. Abin da na tura masa ke nan:

"Sabon gyara yana son a sake dubawa. Ka dawo da ita ran kasuwa. In ba ka zo ba, ni ina da lambarka."